Farantin da Zayyanu Ya Bayar Shara

Duk wanda ya halarci wunin biki a Birnin Kebbi cikin shekara ashirin ɗin nan ya ga Zayyanu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai ɗan gemu da ke zama can baya, bayan mawaƙi da mai fiyano, ganguna biyar sun kewaye shi, farantan tagulla suna sheƙi saman kansa. Ba ya murmushi in yana kiɗa, ba ya ko kallon masu rawa. Baƙo sai ya ɗauka tilasta shi aka yi, alhali duk duniya babu inda yake so kamar wannan 'yar kujerar.

Gidansu a Maƙerar Gandu gidan karatu ne, babu makaɗi ko ɗaya a zuriyar. A firamare abin ya kama shi, ranar da aka rataya masa gangar fareti saboda mai bugawa ya yi zazzaɓi. Mahaifinsa, Malam Abdussamadu, ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi fushi, da ya gaji ya koma addu'a. Addu'ar ta karɓu ta wani gefen, don Zayyanu bai taɓa shan taba ba, bai taɓa bari salla ta wuce shi a wurin biki ba, amma sanda dai bai ajiye ba. Da safe masinja ne a wata ma'aikata, yana da 'yar gonar shinkafa a fadamar Zauro, da la'asar kuma makaɗi ne. Tun yana saurayi yake bayan Mansur, mawaƙin da matan garin ba sa jin an yi biki in ba shi aka kira ba.

Faranti shi ne sunan da makaɗa ke kiran faifan tagullar nan da ake kafawa kan doguwar ƙafar ƙarfe, a ɗaure da noti, a doka da sanda. Na Zayyanu biyu ne, babba da ƙarami, wani tsohon ɗan badujala ya bar masa su da zai koma garinsu. Babban ya raɗa wa suna Gimbiya, kuma ta ci sunanta. Ka doke ta sau ɗaya, ka ajiye sanda, ka kurɓi ruwa, ka juyo ka iske ba ta gama magana ba. Da ita yake rufe kowace waƙa. Mansur ya sauke murya, Zayyanu ya ɗaga hannun dama ya ba ta guda ɗaya, jama'a su yi tsit har ƙarar ta narke. Kowace Alhamis yakan zauna a tsakar gida da toka da lemun tsami ya goge ta har ya ga gemunsa a ciki. Matarsa Hamida ta daina yi masa ƙorafi a kai tun tuni, toka kawai take tara masa a gwangwani.

Wani halinsa kuma, ba ya iya ganin noti a kwance ya wuce. Na babur ɗin maƙwabci, na famfon masallaci, na kujerar ofis, sai ya tsaya ya murɗa shi tam. Kayan kiɗansa kuwa kafin a fara sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A wurinsa duk abin da ke girgiɗi kayan malalaci ne.

Shekara uku da suka wuce ƙaramin farantin ya tsage daga baki, tsagar ta kai tsawon yatsa. In an doke shi sai ka ji kamar ƙuda ya shiga kwalba. Zayyanu ya ji kunya ba kaɗan ba. Ya nemo sabo ya kafa, ya tura tsohon ƙarƙashin gado.

To, ga Ɗankure. Ɗan Goggo Sadatu ne, ƙanwar Malam Abdussamadu, wadda aka kai Argungu gidan masunta. Shekararsu ɗaya da Zayyanu, kuma taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace, don haka tun suna yara babu baƙar maganar da ba su gaya wa juna ba. Ɗankure ƙato ne mai dariya da dukan jiki, kamun kifi ne sana'arsa. Kiɗa kuwa a wurin Zayyanu ya gani ya yi sha'awa, ya harhaɗa wasu ganguna masu faci, yana yi wa 'yan unguwa biki in ruwa ya ja baya. Farantinsa ɗaya ne tal, shi ma ya lotsa tun ranar da wani ya zauna kansa cikin jirgin ruwa. In an tambayi Zayyanu ko taubashinsa makaɗi ne, sai ya ce a'a, masunci ne da ya saba dukan ruwa.

Al'ada ce kowace shekara, in watan cika-ciki ya kwana goma, ɗan mace ya zo gidan ɗan namiji karɓar shara. A wasan taubasai ɗan namiji ne ubangida, ɗan mace bawa. Bawa ya share ƙofa, ubangida ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Abin da aka bayar kuwa ya bayu. Wanda duk ya bi sharar da ya bayar ya ce a maido masa, dangi za su yi ta ba da labarinsa har jikokinsa su ji.

A shekarar da farantin ya tsage, Ɗankure ya iso da hantsi bisa babur, da ƙullin busasshen kifi na Hamida. Ya ɗauki tsintsiya ya ja sau biyu a bakin zaure, ya miƙa hannu.

"Ubangidana, bawa ya gama aiki. A sallame ni in koma, ruwa na jirana."

Zayyanu ya shiga ɗaki ya jawo fasasshen farantin, ko ƙurar bai kaɗe ba, ya ɗora masa a hannu.

"Ga sharar bana. Ka kai ma Goggo ta ruhe tukunyar kihi."

"Haba Malam," in ji Hamida daga madafa, "mutum ya taso tun Argungu, wanga tarkace za ka ba shi?"

"Bar shi, matarmu," Ɗankure ya ce yana dariya. "Abin da ubangida yab bayar an amsa. Allah shi yaye mai rowa."

Ya ɗaure farantin a bayan babur ya tafi. Zayyanu ya kwana biyu yana ba da labarin a ofis, yana jin ya ci taubashinsa wasan bana.

Bayan wata huɗu an yanke shinkafa, biki ya buɗe ko'ina. Wata la'asar suna gwaji a garejin Mansur, sai Mansur ya miƙo masa waya. Bidiyon wani biki ne a Argungu, hoton na rawa amma ƙarar ta fito sarai. Cikin kiɗan akwai abin da Zayyanu bai taɓa ji ba, wata gajeriyar ƙara busasshiya, kamar an watsa albasa cikin tafasasshen mai, ta yi tas ta ɗauke nan take. Duk inda ta faɗo sai mata su tsaya cak, su saki, su yi guɗa.

"Taubashinka na," Mansur ya ce. "Mi shika bugawa haka? Tun jiya mutum ukku sunka turo man shi."

Zayyanu ya kawo wayar kusa da ido. Can gefen hoton ya hango tsagar nan mai tsawon yatsa, wadda ya sani kamar yunwar cikinsa. Ya mayar da wayar ya ce hayaniya ce kawai, wanda bai iya ba shi ke fakewa da hayaniya. Amma a ranar sau biyu yana kuskure a waƙar da ya shekara goma yana bugawa.

Gaskiya ɗaya ce, ƙyashi ne ya kama shi, irin mai hana cin tuwo. Da a ce wani makaɗi ne daga Sakkwato ya zo da sabon abu, da ya haɗiye. Amma Ɗankure, wanda ko riƙon sanda bai iya ba, kuma da farantin da shi Zayyanu ya ba shi don tsokana? Abin da ya fi ci masa rai shi ne duk shekarun da farantin ya yi a hannunsa bai taɓa yi masa wannan maganar ba.

Ranar Asabar ya ce wa Hamida zai je gaida Goggo. Ya gaishe ta kuwa, a tsaitsaye, ya zarce inda ya ji ana kiɗa kusa da hanyar Matan Fada. Ya laɓe bayan wata bishiyar dogon yaro, ya ja hula. Can ya ga sirrin, ko dai ya ɗauka ya gani. Ɗankure ƙafar faranti ɗaya gare shi, da ya rasa inda zai kafa kyautar sai ya kifa ta kan lotsattsen nasa, biyu a haɗe. Ko noti babu, da zaren komar kamun kifi ya ɗaure saman sako-sako, suna ta lilo suna karo da juna. Zayyanu ya yi tsaki, ya ce a ransa ƙazami ƙazami ne ko a ina. Duk da haka ya tsaya har aka tashi, yana kallon tsofaffin mata na matsowa suna kiran sunan Ɗankure, shi kuwa yana ta washe baki.

Da ya koma gidan Goggo ɗaukar babur ɗinsa, ta dube shi ta ƙasan ido tana gyaran kifi.

"Ɗan wana, ka tahi kallon abinka?"

"Wane abu, Goggo?"

"Ni nig goye ka, kar ka yi man wanga. In kana so, buɗa baki ka roƙe shi. Ba shi hana ka."

"Ni in roƙi shara wurin bawana? Allah shi kiyashe ni." Ya tada babur ya kama hanyar Birni.

Daga nan tsakar gidansa ta koma maƙera. Ya kifa sabon ƙaramin farantinsa kan Gimbiya, ya murɗa noti tam, ya doka, ya ji ƙwas kamar an bugi bokiti. Ya juya su ciki da baya, ya murɗa, ya doka. Ya gwada da murfin tukunyar Hamida, ya gwada da tiren shayi, kowane sai ya ɗaure shi da kyau yadda ya saba, kowane kuma ƙwas. Har ya fara raya wa ransa cewa asiri ne, masunta ai ba a raba su da 'yan ƙulle-ƙulle. Ya yi istigfari ya koma gwaji.

Ana nan damina ta kewayo. Bidiyon ya gama gari, iyayen amare suka fara tambayar Mansur ko makaɗansa na da wannan ƙarar. Wata rana bayan gwaji Mansur ya riƙe shi har kowa ya watse.

"Zayyanu, shekara goma sha tara muna tare, ban son wagga magana. Akwai babban biki unguwar Gesse, kwana biyu bayan cika-ciki. Uwar amarya ta ce ko ƙarar ga, ko ta ɗauko 'yan Argungu. In ba ka samo ta ba, dole in kira Ɗankure shi zauna kujerarka."

"Ranar kaɗai?"

Mansur ya hau naɗe wayar lasifika. Zayyanu ya gane amsar.

Ya yi kwanaki yana saƙa da warwara har ya kai ga matsaya. Tsagar ce sirrin, babu shakka, tun da nasa duka lafiyayyu ne. Kuma ba kowace tagulla ba, don sabon ƙaramin nan ƙarfen zamani ne marar nauyi. Fasasshen da Gimbiya kuwa daga hannun mutum ɗaya suka fito. In ƙanen ya yi wannan ƙarar da tsaga ɗaya, ina ga yayar? Da ya kai nan a tunani sai ya ji wani daɗi marar kyau, ya hango Ɗankure shi ma laɓe bayan bishiya yana leƙe.

Safiyar goma ga wata ya naɗe Gimbiya cikin zanenta, ya nufi rumfar Hodi maƙeri a bayan gidansu. Hodi ya juya ta, ya ga fuskarsa a ciki, ya ɗago.

"Mi as same ta? Lahiya lau take."

"Tsaga nika so, nan ga baki, tsawon yatsa."

"Malam Zayyanu, ni gyara nika yi. Wagga in an tsaga ta ba ta komawa."

"Na sani. Yi abin da nic ce."

Kafin Hodi ya ɗora kurfinsa na yanka ƙarfe, Zayyanu ya ce ya dakata. Ya rataye ta a yatsa ta ramin tsakiya, ya ƙwanƙwasa bakin. Su biyu suka tsaya suna saurare har ƙarar ta siranta ta ɓace, ta kuwa daɗe. Sannan ya miƙa ta ya juya baya. Guduma biyu aka yi.

A tsakar gida ya kafa ƙafar, ya ɗora Gimbiya, ya kifa ƙaramin a kai, ya murɗa noti har yatsunsa suka yi zafi. Hamida na tsaye bakin madafa da muciya. Ya ɗaga sanda ya doka. Ƙwas. Ya sake, ƙwas ɗin ce dai, wannan karon da 'yar zizar ƙuda a baya. Ya zauna kan turmi, sandar a hannu.

Yana nan zaune ya ji tsayuwar babur, ya ji tsintsiya sau biyu a bakin zaure. Ya manta shaf yau ce ranar shara. Ɗankure ya yi sallama ya shigo da buhu a kafaɗa, ya miƙa wa Hamida ƙullin kifinta, ya tsuguna gaban turmin ba tare da ya lura da abin da ke kafe bayansa ba.

"Ubangidana, bana kawowa niz zo yi." Ya zazzage buhun, sai ga fasasshen farantin da lotsattsen, haɗe da zarensu. "Mansur ya kira ni. Nic ce mai ni masunci na, ruwa ya kawo, kuma ban zama kujerar ɗan kawuna ko za a ba ni Gesse duka. Goggo ta ce ba ka roƙo ko za ka mutu. To ga su, ba ka roƙa ba, ni nib ba ka."

Zayyanu ya dubi farantan a ƙasa, ya dubi ƙafar da ke kafe bayan Ɗankure.

"Abu guda nika so." Ɗankure ya sosa ƙeya, dariyar ta bar fuskarsa, abin da Zayyanu bai taɓa gani ba. "Wagga tas-tas ta ishe ni, wallahi. Ba kiɗi ba na, dace na kawai. Tun ranar da nij ji Gimbiya nika ƙyashinka. In ka ruhe waƙa da ita, har Argungu nika komawa tana cikin kunnena. Ka ara man ita biki guda. In buga ta gaban mutanenmu, in maido ma da hannuna."

Hamida ta juya ta shige madafa. Ɗankure ya bi idon taubashinsa, ya waiwaya, ya ga ƙafar a kafe. Ya tashi a hankali. Ya sa babban yatsa ya shafi sabuwar tsagar, bakinta fes, burbushin tagulla na manne. 

"Kai kay yi?"

"Ni."

"Don ƙarar ga?"

 Ɗankure ya kama notin, ya ƙi motsi, sai da ya sa ƙarfi.

"Wa ka shaƙe abu haka shi ce mai yi magana?"

Ya cire Gimbiya ya jingine ta jikin bango a hankali. Ya ɗora lotsattsen nasa, ya kifa sabon ƙaramin Zayyanu a kai, lafiyayye, marar tsaga ko ɗaya. Ya mayar da notin rabi kawai ya bar su suna lilo. Ya karɓi sandar ya taɓa. Ƙarar bidiyon nan ce sak, ta cika tsakar gidan ta ɗauke.

"Ba tsagar ba ta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sakin na. Notina cikin gulbi yah hwaɗa, shi as sa niɗ ɗaure da zare."

Zayyanu ya ga zaren nan da idonsa a Argungu, tsaki ya yi masa. Wannan ya tuna, ya sunkuyar da kai.

Da zai tafi, Ɗankure ya tsaya bakin zaure ya miƙa hannu kamar kowace shekara, sai dai babu dariya. "Na yi shara," ya ce. Zayyanu ya dubi tsakar gidan. Ya ɗauko Gimbiya ya naɗe ta cikin zanenta, ya miƙa masa da hannu biyu.

Bikin Gesse ya yi kyau, har yau ana maganarsa. Zayyanu ya bar notin a sake, ko da yake yatsunsa na ta kaiwa can da kansu yana janyewa. Ƙarar ta faɗo inda ake so, mata suka tsaya cak, suka saki, suka yi guɗa. Sai wata mai babbar murya ta ce, "Kiɗan Ɗankure!" Sauran suka amsa mata. Sunan da ya bi abin ke nan, a Birnin Kebbi ma haka ake kiransa. Kujerar dai tana nan hannun Zayyanu, kuma kowane biki sai ya ji sunan taubashinsa sau ashirin daga bakin mutanen da shi ke kaɗa musu.

Ƙarshen waƙa ne bai saba ba har yanzu. Mansur ya sauke murya, hannun dama ya ɗaga da kansa ya sauka kan farantan nan masu lilo, ƙarar ta mutu kafin a ji ta, jama'a su ci gaba da surutunsu. Hamida ba ta daina tara toka ba, gwangwani ya cika ta fara na biyu. Kwanan baya Goggo ta zo Birni ganin dangi, ta ce Ɗankure ya rataye Gimbiya a bangon ɗakinsa, ba ya bugawa, ba ya bari a taɓa, kowace Alhamis yana goge ta da toka da lemun tsami. Zayyanu ya ce madalla. Ya tashi ya fita zaure, don har wannan gugar ma ƙyashinta yake yi masa.